Maigida, Yaushe Rabonka Da Cin Kifi Tare Da Iyalinka?

A cikin hutun Kirsimeti na shekarar 2024 hanya ta kai mu Lakwaja tare da mai ɗakinmu da yara uku, mun je gaida wani ɗan'uwa. Kashegari da yamma sai ya ce lalle ba za mu bar garin ba sai mun ci kifi a bakin ruwa. Wanda duk ya san Lakwaja, watau babban birnin Jihar Kogi tun 1991, ya san a nan ne kogin Kwara da na Binuwai suka gamu, saboda haka ba a yi wa mutumin garin gardama a kan zancen kifi.

Muka tarar da wurin cike maƙil. Rumfar kwano ce babba da kujerun roba, hayaƙin gashi ya turnuƙe, masunta kuma suna ta sauke kaya daga kwale-kwale can gangare. Ga yadda ake yi: za a kai ka gaban baho cike da tarwaɗa mai rai, ka nuna wadda kake so, a ɗora ta a sikeli, sa'an nan ka faɗa ko farfesu za a yi maka ko gashi. Sai da muka jira kusan sa'a guda kafin namu ya iso. Jiran nan kuwa shi ya ba mu zarafin duban jama'a, abin da muka gani shi ya sa muka ɗauki alƙalami.

'Yan'uwa, kusan kowane tebur maza ne zalla, magidanta irinmu, wasu ma da furfura. Teburan da muka ga miji da mata da 'ya'yansu ba su kai yawan yatsun hannu ɗaya ba. Sauran matan da ke wurin su ne masu ɗauko faranti da masu wanke-wanke. Sai muka tambayi kanmu, matan waɗannan mutane da 'ya'yansu fa, me suke ci a daren nan?

Ba mu gama wannan tunani ba aka kawo kifi. Mai ɗakinmu ta wanke hannu, ta dube mu ta ce, "Malam, ka san tun da aka yi bikinmu, sai yau na zauna aka kawo mini abinci na ci ban tashi ɗauko wa kowa ruwa ba?" Da dariya ta faɗa, amma mu ba mu iya yin dariyar ba. Shekara 11 ke nan da aurenmu.

Ra'ayinmu shi ne, ya kamata kowane magidanci ya riƙa fita da iyalinsa cin abinci a irin wannan wuri, ko da sau ɗaya ko biyu ne a shekara. Mun san abin da za a fara ce mana, watau ina kuɗin? Gaskiya ne, tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 komai ya yi tsada, kuma abin da muka biya a daren nan ya isa cefanen kwana huɗu a gidanmu. Ba mu ce kowa ya ci bashi ko ya taɓa kuɗin makarantar yara ba. Amma mu faɗa wa juna gaskiya. A gidaje da yawa kuɗin nan ai ana kashe shi, sai dai ciki ɗaya yake shiga. Yau tsire, gobe balangu, jibi farfesu da abokai, mutum ya komo gida da dare ya ce wa matarsa ya ƙoshi. A gida kuwa kifin ƙanƙara ɗaya ne aka yayyanka gida bakwai a cikin miya, uwar yara ta haƙura da wutsiya. In maigida ya kame bakinsa wata biyu, abin da ya tara ya isa ya zaunar da iyalinsa duka a gaban gasasshen kifi.

Wasu kuma za su ce al'adarmu ba ta san uba ya zauna cin abinci da mata da yara a bainar jama'a ba, wai girmansa zai zube. Mu dai ba mu ga inda namu ya zube ba. Abin da muka gani shi ne autanmu ɗan shekara biyar bai iya zare ƙayar kifi ba, mu muka koya masa a ranar, da hannunmu. Babbar 'yarmu kuwa, wadda ba ta cika magana a gabanmu ba, ita ce ta yi ta tambaya, ina ruwan nan ya fito, ina za shi. Muka gaya mata Kwara daga duwatsun ƙasar Gini ya taso, Binuwai kuma daga Kamaru, daga nan su gangara tare har teku. A gida, inda ake kai wa uba nasa kwano ɗaki shi kaɗai, yaushe za a yi wannan hira?

Ƙorafin da muka fi ba nauyi shi ne na masu cewa ana sayar da giya a irin waɗannan wurare, ga kiɗa da maganganun da ba su dace da kunnen yaro ba. Haka ne. Maganinsa a je da wuri, kamar ƙarfe huɗu, a tashi kafin duhu, gama masu shaye-shaye sai dare suke cika wuri, haka ma sauro. A kuma sa wa yara ido. Wanda ya tuna ambaliyar 2012 da ta 2022, sa'ad da ruwa ya datse hanyar Abuja zuwa Lakwaja, ya san kogin nan ba abin wasa ba ne. Wani mai kwale-kwale ya nemi ya zaga da yaranmu, da muka ga ba shi da rigar ruwa ko ɗaya sai muka ƙi, duk da kukan auta.

Akwai inda muka yi sakaci, gara mu faɗa don wani ya tsira. Ba mu tambayi farashin kilo ba sai da aka kashe kifin, daga nan kuwa ciniki ya ƙare. A tambaya tukuna, a kuma tsaya a ga sikeli da ido. Sa'an nan kada ganin ruwa ya ruɗe ku, tarwaɗar da ke cikin baho sau da yawa ta kiwo ce, ba ta taɓa shiga kogi ba. Mai son kifin kogi ya tambaya ko akwai giwan ruwa, ko ragon ruwa, ko karfasar da masunta suka kawo a ranar.

Ba kuwa sai an je Lakwaja ba. Mutanen Makurɗi da Ibi da Jimeta suna da Binuwai a ƙofar gida, na Numan suna da mahaɗar Gongola da Binuwai, na Yawuri suna da Kwara. Mu da muke nesa da babban kogi, tun da muka komo gida muka samo gwangwani muka huda murfinsa, duk ranar da muka wuce mai tsire ba mu tsaya ba sai mu jefa kuɗin a ciki. Mai ɗakinmu ce ke ajiyarsa, ta kuma ce ba za a fasa shi ba sai a gaban yara.