Tashin Ruga: A Bi Ta Kotu, Ba Ta Ashana Ba

Daga Getso har Garo, iyayenmu sun saba ba Fulani gona su kafa ruga bayan girbi: shanu su ci kara, ƙasa ta samu taki. Yanzu da fili ya yi tsada, ga fargabar 'yan bindiga daga iyakar Katsina, maganar "a kore su kawai" ba ta da wuyar samun magoya baya a Facebook.

Mai gona yana da ikon cewa a tashi, ba musu. Amma akwai hanya: ya ba da wa'adi, ya sanar da dagaci da arɗo, in an ƙi ya garzaya kotu. Tun 1986, a shari'ar Ojukwu da gwamnatin Legas, Kotun Ƙoli ta ce ko gwamnati ba ta da hurumin fitar da mutum da ƙarfin tuwo. Ƙona bukka laifi ne, ko gonar ta kakanka ce.

Ƙananan hukumomin Gwarzo da Kabo ma da aiki a gabansu. Dokar Filaye ta 1978 ta ba su damar ware filin kiwo. Su ware, su kare burtali.

Matasa, in an gayyace ku rushe ruga, ku tambaya: ina takardar kotu? In babu, kowa ya kama gabansa. Wanda ya zuga ku ba shi zai kwana a caji ofis ba.