Jos: Ranar da aka daina cin abincin juna, an daina sanin juna

Duk wanda ya yi sammako zuwa kasuwar Farin Gada, tun sanyin Jos bai saki jikin mutane ba, zai tarar ana sauke buhunan dankalin Turawa daga Bokkos da Mangu, da kwandunan tumatir, da tulin kabeji da karas da koren wake. Manomiyar da ta kawo kayan wataƙila Birom ce ko Mwaghavul, dillalin da ya tare ta Bahaushe ne, mai sayen da zai loda mota zuwa Abuja ko Fatakwal kuwa Ibo ne ko Bayarabe. Da Hausa ake taya kayan, da ita ake sallamawa, kuma babu mai tambayar wani inda yake ibada kafin ya ƙirga kuɗinsa. A birnin da unguwanninsa suka rabu gida biyu tun daga 2001, irin wannan wuri ya yi ƙaranci matuƙa, don haka ya cancanci a riƙe shi da muhimmancin da ake bai wa shingayen tsaro da tarukan sulhu.

Cuɗanya ce ta haifi Jos tun asali. A farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka fara haƙar kuza a ƙasar Birom da Afizere da Anaguta, ma'aikata suka kwararo daga Kano da Bauchi da Borno da kudancin ƙasa. Ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso a 1914, na gabas kuma ya biyo baya a 1927. Garin yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, saboda haka kayan lambun da zafi ke kashewa a wasu wurare suka samu wurin zama. Kowane baƙo ya zo da tukunyarsa, ya kuma tarar da ta masu gida a kan wuta. Wannan ne ya sa har gobe ake iya karya kumallo da waina da miyar taushe a titin Bauchi, a ci tuwon acca da rana a Bukuru, a rufe dare da tsire a Gada Biyu.

Baƙon da ya shigo garin da idon basira ba ya rasa abin mamaki a kowace rana. Zai ga atili, ɗan itacen nan mai launin makuba da ake jiƙawa a ruwan ɗumi har ya yi laushi, da mansa da ake kawowa daga yankin Pankshin. Zai ga sitiroberi na ƙauyen Chaha da ke kusa da Vom a ƙananan robobi a bakin titi lokacin hunturu. Zai sha kunun tamba. Idan kuma aka zuba masa gwaten acca da yakuwa da gauta, Bakano zai ɗanɗana ya ce ai wannan ɗan'uwan faten tsakin da ake yi a gidansu ne. Abinci ɗaya ne da sunaye biyu, kuma wannan kaɗai ya isa ya nuna tsawon zamanin da mutanen nan suka yi suna leƙa tukwanen juna.

Abin takaicin shi ne, yau ba baƙo kaɗai ke wannan mamaki ba, har da ɗan gari. Rikicin Satumban 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010 sun sa iyalai da dama sun sayar da gidajensu ko sun yi musayarsu, kowa ya koma inda masu addininsa suka fi yawa. Yaron da aka haifa a Unguwar Rogo ko Gangare bayan 2001 ya zama magidanci a yanzu, kuma mai yiwuwa ne bai taɓa zama ya ci abinci a Unguwar Rukuba ko Kabong ba. Takwaransa na can ma bai san ɗanɗanon furar Dilimi ba, sai dai labarin da ya ji game da unguwar, wanda galibi ba mai daɗi ba ne. Iyayensu sun san gidan da ake aiko musu da shinkafar Kirsimeti, da gidan da suke aika wa naman layya. 'Ya'yan sun gaji tsoron, amma ba su gaji kwanon ba.

A tsakiyar wannan rabuwa akwai wani babban giɓi, wato kasuwar Taminus. An faro tunanin gina ta a zamanin Gwamna Joseph Gomwalk, aka kammala ta a 1985, ta zama ɗaya daga cikin manyan rufaffun kasuwanni a Afirka ta Yamma. Gobara ta cinye ta a Fabrairun 2002, watanni biyar kacal bayan rikicin farko, daidai lokacin da garin ya fi bukatar rufi ɗaya da zai tara kowa. 'Yan kasuwa suka watsu a gefen tituna, inda tagwayen bama-bamai na ranar 20 ga Mayun 2014 suka same su, suka kashe sama da mutum 100 ba tare da bambance Musulmi da Kirista ba. Gwamnatoci sun zo sun wuce da alƙawarin sake ginin. Yunƙurin da gwamnatin Simon Lalong ta yi da bankin Jaiz a 2022 ya sarƙe cikin zargin juna mai launin addini. Wato rarrabuwar da kasuwar za ta taimaka wajen magancewa ita ce ta hana a gina ta.

Wani zai ce ana ɗora wa kasuwa nauyin da ya fi ƙarfinta, domin mutanen da suka yi shekaru suna ciniki tare su ne suka ɗauki makami a kan juna. Akwai gaskiya a wannan magana. Bayan rikice-rikicen an ga yadda aka ƙaurace wa shagunan juna, aka buɗe sababbin kasuwanni a unguwanni don kada a tsallaka, jita-jitar sanya guba a abinci kuma ta yi ta yawo a wayoyi. Faranti ba ya warware rigimar ɗan ƙasa da baƙo, ba ya raba gardamar filaye ko ta kujerar ƙaramar hukuma. Sai dai a lura da abu ɗaya: masu son raba mutane sun fara kai hari ne a kan abinci da ciniki, saboda sun san cewa da wuya a sa mutum ya yarda da mummunan labari game da mahaucin da ya shekara 10 yana ba shi nama bashi. Jita-jita ta fi samun gindin zama a inda babu wanda zai ce: na san mutumin nan, ba halinsa ba ne.

Akwai kuma batun arziki. Filato ce ke noma mafi yawan dankalin Turawan da ake ci a Najeriya, amma manomi yakan sayar da shi da araha lokacin kaka saboda rashin wurin adanawa mai sanyi, ga cutar ruɓewar ganye da ta yi ɓarna sosai a daminar 2022. Hare-haren da aka kai ƙauyukan Mangu da Bokkos a 2023 sun raba dubban manoma da gonakinsu, kuma duk buhun da bai fito daga can ba, dillalin Farin Gada ne na farko da zai ji a aljihunsa. Accar da ake yi wa kallon abincin ƙauye kuwa ta samu shiga kasuwannin Tarayyar Turai tun 2018, wani kuku ɗan Senegal mai suna Pierre Thiam yana tallata ta a Amurka, Majalisar Ɗinkin Duniya kuma ta keɓe 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa. Najeriya na cikin manyan masu noman acca a duniya, amma matan da ke surfa ta da turmi da taɓarya, su rege tsakuwarta da hannu, ba su ga ribar wannan suna ba.

Abin da ake bukata daga gwamnatin Caleb Mutfwang bai fi ƙarfinta ba. Duk tsarin da za a bi a sake gina Taminus, a bayyana shi a fili tun daga tushe, a zauna da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na kowane ɓangare, a fara bai wa waɗanda gobarar ta shafa ko magadansu rumfuna, kuma a cakuɗa layukan ta yadda ba za a samu ɓangaren su wane ba. Farin Gada da Katako suna bukatar magudanan ruwa da hanya da ɗakunan sanyi. Idan hukumar raya birni za ta tashi masu kasa kaya daga kan titi, ta tanadar musu inda za su koma kafin ta zo da motocinta. Harabar gidan tarihin da Bernard Fagg ya kafa a 1952, inda aka gina kwaikwayon ganuwar Kano da masallacin Zariya kusa da gumakan Nok, ta dace da kasuwar abincin gargajiya ko da sau ɗaya a wata, inda mai waina da mai gwate za su kafa murhu kafaɗa da kafaɗa.

Sauran aikin na mazauna garin ne. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take. Magidancin da ya saba sayen kayan miya a bakin layinsu zai iya ɗaukar ɗansa ranar Asabar su tsallaka zuwa wata kasuwar, yaron ya ji yadda ake gaisawa, ya ga ana yi wa mahaifinsa gyara a kan mudu. Marigayi Ɗan Maraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya yi suna ne da kuntiginsa wajen waƙe talakawa masu ƙananan sana'o'i, kuma Musulmi da Kirista duk suna ɗaukarsa nasu. Ya gane cewa a hannun irin waɗannan mutane rayuwar garin take. Gobe da asuba za su sake haɗuwa a Farin Gada su sauke dankali, ko an tuna da su ko ba a tuna ba. Allah Ya zaunar da Filato lafiya.