Lasisin Farauta a Amurka: Baƙo Ya Zama Saniyar Tatsa

A jihohin yammacin Amurka akwai wani ra'ayi da ya kafu har ba a tambayar dalilinsa: duk lokacin da asusun hukumar kula da namun daji ya yi ƙasa, a ƙara wa baƙo kuɗin lasisin farauta da na kamun kifi. Baƙon nan fa ba daga wata ƙasa ya zo ba, Ba'amurke ne mazaunin wata jiha. A Wayomin, ɗan jiha kan biya kimanin dala 60 ya sami izinin harbin elk, ƙatuwar barewar nan mai ƙaho rassa-rassa, amma tun 2024 baƙon da ya nemi lasisi na musamman sai ya dire kusan dala 2,000. 'Yan majalisa na son wannan hanya don baƙo ba ya da ƙuri'a a jihar, ko ya yi kuka babu mai jin sa. A ganina wannan zalunci ne da aka yi wa rigar doka.

Masu kare tsarin sukan fake da hukuncin Kotun Ƙoli na 1978 a shari'ar Baldwin, lokacin da Montana ke karɓar dala 225 a hannun baƙo, ɗan jiha kuwa dala 9 ta ishe shi farautar elk. Kotu ta ce farautar nishaɗi ba ta cikin haƙƙoƙin da tsarin mulki ya hana a bambanta 'yan ƙasa a kansu. To, halas a kotu daban, adalci daban. Dajin da ake farautar na wa ne? Kusan kashi 80 cikin ɗari na ƙasar Nebada mallakar gwamnatin tarayya ne, na Aidaho ya haura kashi 60, na Wayomin ya kusa rabi. Bakanike a jihar Ohayo yana da rabo a wannan daji daidai da na makiyayin da ke maƙwabtaka da shi. Kuma a ƙarƙashin dokar Pittman-Robertson ta 1937, duk harsashin da ya saya akwai harajin kashi 11 cikin ɗari a kai, wanda ake raba wa jihohi don kiwon namun daji; dokar Dingell-Johnson ta 1950 ta ɗora irin wannan a kan kayan kamun kifi. Mutum ya zuba kuɗinsa an raini dabbar, sannan ya zo bakin daji a ce masa aljihunsa bai kai ba.

Akwai hujjar da ba zan raina ba. Ɗan jiha ne ke kwana da dabbobin nan. Shi ne kan fito da asuba cikin dusar ƙanƙara ya tarar garken elk ya karya shinge, ya yi kaca-kaca da harawar da ya tara wa shanunsa. Ya cancanci rangwame da fifiko, kuma gaskiya ne daji ba zai ɗauki kowa da kowa ba. Amma maganin cunkoso shi ne a ƙayyade yawan baƙi, a raba musu lasisi ta hanyar jefa ƙuri'a, a kan farashin da ma'aikaci zai iya biya. Tsada ba ta rage masu nema yadda ake zato, tace su kawai take yi: attajiri ya biya bai ji a jikinsa ba, malamin makarantar da ya shekara yana tari don ya kai ɗansa farauta sau ɗaya ya haƙura. Abin da Amurkawa ke alfahari da shi tun zamanin Shugaba Theodore Roosevelt shi ne namun daji na jama'a ne, saɓanin Ingila ta dā inda barewa ta sarki ce da fadawansa.

Ɗan jihar da ke murna ma ya duba gabansa. Hukumar da baƙi masu kuɗi ke ciyarwa, sannu a hankali kunnenta zai karkata ga kamfanonin rakiyar mafarauta da masu manyan gonaki, domin su ke kawo waɗannan baƙin. Ranar da tattalin arziki ya girgiza baƙi suka ɗauke ƙafa, albashin masu gadin daji ne zai fara tsayawa, kuma a kan lasisin ɗan jihar za a nemi cike giɓin.