Kafin ka sayi amfilifaya a Tasawa ko Mayahi, juya bayanta ka karanta

Da zarar an gama girbin hatsi da wake kuɗi suka ɗan shiga hannu, ko Sallah ta gabato 'yan cin-rani suka fara turo saƙo daga Libiya, Aljeriya da Legas, kasuwar kayan sauti takan buɗe a Tasawa da Mayahi. Ango na son akwatin kiɗa a ɗaki, mai gidan kallon ƙwallo na son muryar mai sharhi ta kai bakin titi, wani matashin kuma na son haɗa sono ya riƙa bayar da haya a biki da suna. Kusan dukkansu tambaya ɗaya suke yi wa mai shago: wat nawa ce? Shi kuma sai ya nuna kwali, inda aka rubuta 3,000 ko 5,000 da jajayen lambobi.

A ganina wannan lambar ta gaban kwali ita ce mafi rashin amfani a duk abin da aka rubuta game da na'urar, kuma da ita ake cinye gumin matasanmu. Gaskiyar amfilifaya, ko amfili kamar yadda ake gajarce sunanta a Nijar, tana jikin 'yar takardar da aka manna a bayanta, kusa da inda wayar wuta ke shiga. Wanda ya iya karanta wannan takarda ba a cika cutarsa ba.

A kusa da babbar lambar nan sau da yawa za ka ga haruffa huɗu: PMPO. Ana nufin ƙarfin da na'urar za ta iya tunkuɗowa na ɗan ƙiftawar ido. Matsalar ita ce babu wata ƙa'ida guda da aka yarda da ita wajen auna shi, kowane kamfani rubuta abin da ya ga dama yake yi. Ma'aunin da ake iya dogara da shi shi ne mai haruffa uku, RMS, wato ƙarfin da amfilifaya ke iya ci gaba da bayarwa ba tare da ta gaza ba. Babu manomin da zai sayi hatsi a kasuwar Mayahi don kawai an rubuta adadi a jikin buhu, sai an zuba a tiya ya ƙirga da idonsa. To, RMS ita ce tiyar kayan sauti.

Wannan wasa da lambobi ba a kanmu aka fara shi ba. A Amurka ya yi ƙamari har hukumar kula da harkokin ciniki ta tarayya, FTC, ta kafa doka a 1974 wadda ta tilasta wa kamfanoni bayyana ƙarfin da na'ura ke iya riƙewa na tsawon lokaci, tare da irin lasifikar da aka gwada ta da ita da kuma yawan gurɓatar sautin. Kayan da ke shigo mana ta Kano da Maraɗi ba su bi ta hannun mai irin wannan binciken ba. Don haka aikin ya koma kan mai saye.

Kuma aikin ba shi da wuya, lissafin ɗan firamare ne. Amfilifaya ba ta ƙirƙirar wuta, abin da ta ja daga bango ko batir shi take mayarwa sauti, wani kason ma ya tafi a zafi. Idan a bayanta an rubuta tana jan wat 60, babu yadda za a yi ta ci gaba da ba ka 5,000. Idan da adafta take aiki, ka duba lambobi biyu: mai harafin V, wato bolt, da mai harafin A, wato amfiya, ka ninka su. Bolt 12 sau amfiya 2, wat 24 ke nan, iyakar abin da ke shiga cikinta. Ƙananan amfilifayar nan da ake jona wa batir kai tsaye, matuƙar ba su da na'urar ɗaga wuta a ciki, abin da bolt 12 zai iya ba lasifika mai om 4 bai wuce wajen wat 18 a kowane ɓangare ba. Ko da an zana zaki a kwalin, haka lissafin yake.

Wani zai ce wat 18 ai wasan yara ne. A nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, domin kunne ba ya jin ƙara yadda ido ke ganin lamba. Ana auna ƙara da desibal. Idan ka ninka wat sau biyu, desibal 3 kawai ka ƙara, bambancin da za ka ji amma ba mai yawa ba. Kafin kunne ya ce ƙarar ta ninka, sai an ƙara wajen desibal 10, wato wat ya ninka sau goma. Shi ya sa amfilifaya mai wat 100 ba ta yi wa mai wat 50 nisan da ake zato ba. Lasifika ma tana da nata ma'aunin: yawan ƙarar da take fitarwa idan aka ba ta wat 1, aka saurara daga nisan mita 1. Wadda aka rubuta wa desibal 87 tana bukatar ninki biyu na wutar da mai desibal 90 ke bukata kafin su yi ƙara ɗaya. A ɗaki ko tsakar gida, wat 20 zuwa 50 na gaskiya da lasifika mai kyau sun isa har maƙwabci ya leƙo. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta ce abin da kunnen baligi zai ɗauka lafiya shi ne desibal 80 na awa 40 a mako, kuma duk ƙarin desibal 3 yana rage wannan lokaci da rabi.

Lamba ta gaba da ya kamata a nema ita ce om, mai alama kamar kofaton doki. Ita ce ke nuna irin nauyin da lasifika ke ɗora wa amfilifaya, kuma ƙanƙantar lambar shi ne ƙaruwar nauyin. Lasifika biyu masu om 8, idan aka jona su a baki ɗaya ja da ja, baƙi da baƙi, sun koma om 4. Idan huɗu ne sun koma om 2. Amfilifayar da aka rubuta wa om 4 zuwa 8 ba za ta jure haka ba, za ta yi zafi ta mutu ko ta ƙone. Masu hayar sono su ne abin ya fi shafa, domin ranar biki kowa so yake a ƙara lasifika, kuma a ranar ce kayan ke lalacewa a gaban jama'a. Haka nan idan aka murɗe ƙaramar amfilifaya har ƙarshe, sauti ya fara tsagewa kamar ana yaga ƙyalle, 'yar ƙaramar lasifikar da ke fitar da siririyar murya ce ke fara ƙonewa. Idan kwali ya ce an auna wat ɗin da gurɓatar kashi 10 cikin 100, to a daidai wannan tsagewar aka auna. Mai kashi 1 ko ƙasa da haka ya fi faɗin gaskiya.

Sai kuma abin da babu kwalin da zai gaya maka, wato wutar da kake da ita. Jihar Maraɗi ta daɗe tana dogaro da layin lantarkin da ya taso daga Katsina zuwa Gazawa. A farkon Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta katse wutar da take ba Nijar a ƙarƙashin takunkumin CEDEAO, ba ta dawo da ita ba sai bayan an ɗage takunkumin a Fabrairun 2024. Wanda ya zauna a yankin a waɗannan watanni ya san darajar batir. A ƙauyukan Korgom, Urafan ko Kanan Bakashe da wayar Nigelec ba ta kai ba kuwa, farantin sola da batir su ne komai. Batir mai bolt 12 da amfiya-awa 100 yana ɗauke da wat-awa 1,200, kuma idan irin na dalma ne, rabin wannan ya kamata a sha in ana son ya daɗe. Na'urar da ke jan wat 100 za ta cinye rabin a awa shida, mai jan wat 60 ta kai awa goma.

A nan ajin amfilifaya yake da muhimmanci. Mai aji D tana mayar da kusan kashi 90 cikin 100 na wutar da ta ja zuwa ga lasifika, mai aji AB kuwa kusan rabi take zubarwa a zafi. A garin da zafin Afrilu da Mayu ke wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu da ke toshe fanka, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Al'adar nan ta ɗaga na'ura a ji nauyinta ma ta tsufa. Nauyi shaida ce a tsofaffin samfura masu babbar taransifoma, amma mai aji D tana iya zama sakayau kuma ta yi aiki.

'Yan'uwanmu da ke waje, ku ma akwai naku. Wutar Nijar bolt 220 ce, ta Amurka da Kanada kuwa 120. Na'urar da aka saya a can, idan ba a rubuta 100 zuwa 240 a bayanta ba, ko ba ta da maɓallin sauya wuta, jonawar farko na iya zama ta ƙarshe. Kayan Turai, Aljeriya da Libiya ba su da wannan matsalar. Idan kuma kuɗi za ka turo a saya a gida, kada ka nemi hoton kwali a WhatsApp. Ka ce a ɗauko maka hoton bayan na'urar.

'Yan kasuwa suna da hujjarsu, kuma ba a raina ta ba. Za su ce ba su suka buga kwalin ba, kuma in suka faɗi gaskiya cewa wat 30 ce, mai saye zai tsallaka shagon gaba inda za a ce masa 5,000. Za su ƙara da cewa talaka ba shi da kuɗin manyan kamfanoni. Duka biyun haka ne. Sai dai araha ba laifi ba ce, ƙaramar amfilifaya mai sauƙin kuɗi tana iya yi wa ɗaki hidima shekaru idan an san iyakarta. Laifin shi ne a sayar wa yaro kayan ɗaki da sunan kayan filin biki, ya ci bashi ya haɗa sono, ranar farko ta ƙone. A gari kamar Tasawa ko Mayahi da kowa ya san kowa, ɗan kasuwar da aka sani da faɗin gaskiyar wat ba zai rasa ciniki ba.

Don haka ranar da za ka saya, ka tafi da mai gyaran rediyon unguwarku ka biya shi ladan rakiya, domin shi ne ke buɗe cikin waɗannan na'urori kullum, ya kuma san wadda ake samun kayan gyaranta. Ka sa a kunna ta da irin lasifika da irin wutar da za ka yi amfani da su, da waƙar da kunnenka ya saba da ita. A bar ta ta yi minti ashirin tana aiki, ka taɓa bayanta ka ji zafin, ka lura da inda sauti ke fara tsagewa. Idan mai shago ya ce ba a gwaji sai an biya, ka riƙe kuɗinka ka ƙara gaba.