Kafin Ka Lallashe Mu, Kai Ka Yarda?

Almajirin da ya yi nisa a karatun zaure, a Gwandu ko Birnin Kebbi, har ya kai ga manɗiƙi, ya san Sullam na Abdurrahman al-Akhdari, malamin Aljeriya na ƙarni na 16. A ciki aka kasa hujjar hankali gida biyar: burhani, jadali, haɗaba, waƙa da safsaɗa. Na daɗe ina ganin rabin gardamar da muke yi a majalisu da gidajen rediyo ta samo asali ne daga rashin bambance ta farko da ta uku.

Burhani da ƙafarsa yake tsayawa. In madatsar Goronyo ta cika aka buɗe ƙofofinta, ruwan ta Rima zai gangaro, fadamun Argungu kuwa a kan hanya suke. Ko wanda kowa ya sani da ƙarya ne ya kawo wannan gargaɗi, hujjar ba ta raguwa da ƙwayar gero. Manoman shinkafar da ambaliyar 2020 ta cinye wa gonaki a Kebbi sun san ruwa ba ya duba halin mai shela. Saboda haka idan na ji an ce, “Ai wane ne ya faɗa, rabu da shi,” alhali maganar ta aune-aune ce da kowa zai iya bincikawa, raina yakan ɓaci. Wannan ragwanci ne, kuma talaka ke biyan kuɗinsa.

Haɗaba daban take. Malamai sun ce ana gina ta a kan abin da aka karɓa saboda amincin mai faɗa, da abin da ake kyautata zato a kansa. Ka ga ke nan imanin mai magana yana cikin harsashin ginin. Alkawarin ɗan takara haɗaba ce, haka yawancin jawaban jami'an gwamnati, domin mai sauraro ba shi da ma'aunin da zai gwada su a take. Abin da ke hannunsa shi ne mutumin da ke gabansa. A nan tambayar “kai ka yarda?” ba cin fuska ba ce, binciken hujja ce.

A Nuwamban 2015 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin rancen Babban Bankin Najeriya ga manoman shinkafa. Noma ya bunƙasa, amma daga baya aka yi ta kukan rashin biyan bashi a faɗin ƙasa. An zargi manoma, kuma wasunsu da laifinsu. Sai dai a ganina, duk inda mai kai saƙo ya ce “rance ne” da baki, fuskarsa kuma tana cewa “rabonka ne na gwamnati”, manomi fuskar zai karanta. Ba jahilci ba ne, ya dai gane wanne daga saƙonnin biyu mai maganar ya yi imani da shi.

Ƙasar nan ta san kishiyar haka. Malam Abdullahi na Gwandu, da ya ga son duniya ya shiga rundunar jihadi, bai tsaya ga wa'azi kaɗai ba: ya bar ta ya nufi Makka, har mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Diya'ul Hukkami. Wa zai tuhumi irin wannan mutum da faɗin abin da bai yarda da shi ba? A 1934 ma, Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu da kansa ya taka zuwa Argungu bayan doguwar gaba tsakanin Kabawa da Sakkwato, aka tarbe shi da bikin kamun kifin da ake yi har yau a Matan Fada. Da wasiƙa ya aiko, komai tsarin hujjojinta, ba na jin za ta yi abin da zuwan ya yi.

Roƙona ga masu gabatar da shirye-shiryen siyasa a rediyonmu shi ne su riƙa raba wa baƙonsu tambaya biyu. In ya kawo alƙaluma, a nemi inda ya samo su, a ƙyale halinsa. In kuma cewa ya yi a yarda da shi makarantun gwamnati sun gyaru, to a tambaye shi cikin ladabi wacce makaranta 'ya'yansa suke zuwa, a kuma ba shi lokaci ya amsa.