Ba kuɗin mota ne kaɗai haƙƙin yara a kanka ba

Duk shekara, daga washegarin sallah zuwa kwana uku ko huɗu, akwai abin da nake gani a ƙofar wuraren wasan yara da ke ƙona mini rai. Adaidaita sahu za ta tsaya, yara shida ko bakwai su duro, babbarsu ba ta wuce shekara goma sha biyu ba, ga goyo a bayanta, ga wani ɗan mitsitsi riƙe da gefen hijabinta. Ka tambaye su ina babban da ya rako su, sai su ce, "Baba ne ya ba mu kuɗi, ya ce mu dawo kafin magariba."

To ina Baban? Yana majalisa, ko yana gidan kallon ƙwallo, ko yana sharar barci. Uwa kuma tana kicin tana fama da baƙi. Shi a ganinsa ya gama fita haƙƙi tunda ya ɗinka musu kayan sallah, ya kuma zaro kuɗi daga aljihu. Wallahi malam ba ka fita ba. Ka ɗauki amanar da Allah ya ba ka, ka ɗora a kan yarinyar da ita ma rainonta ake yi. Mutumin da ba zai yarda ya ba wannan yarinya wayarsa ta shiga kasuwa da ita ba, shi ne ya danƙa mata rayuka shida ya ce ta shiga turmutsutsu.

Duk wanda ya taɓa bi ta Titin Gidan Zoo a Kano ranar sallah, ko ya leƙa Gamji a Kaduna, ko Millennium Park da aka buɗe a Abuja a 2003, ya san irin cikar da ake yi, ba masaka tsinke. Babba ma sai ya yi da gaske yake kutsawa, balle ɗan shekara uku da ba ya hango komai sai ƙafafun mutane. Ƙiftawar ido ta isa hannu ya suɓuce. Daga nan sai cigiya a gidajen rediyo, sai zarya tsakanin gidan mai unguwa da ofishin 'yan sanda, uwa tana kuka, uba yana cewa ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, amma a daina laɓewa a bayanta ana rufe sakaci.

A ƙasashen da wannan harka ta daɗe, ba a barin ta ga son ran iyaye. Disneyland da aka buɗe a Amurka tun 1955, dokarta ita ce yaron da bai kai shekara 14 ba ba ya shiga sai tare da wanda ya kai, kuma ɗan ƙasa da shekara 7 ba ya hawa komai shi kaɗai. A ƙofar manyan abubuwan hawa akwai ma'aunin tsayi. Wani abin hawa mai suna Space Mountain da ke Florida, sai yaro ya kai santimita 112, domin ƙarfen da ke tare mutum a kujera ba zai riƙe wanda bai kai haka ba. Masu hali daga cikinmu da ke kai iyalinsu Dubai ko Faransa suna bin irin waɗannan dokoki salin-alin. Amma a nan gida, da mai kula da lilo ya ce wannan ya yi ƙanƙanta, sai a hau shi da masifa: "Ai mun biya kuɗinmu!" Kuɗin tikiti ne zai tare shi idan ya zame?

Shirin fita da yara kuwa ba wani abu ne mai wuya ba, shi ya sa rashinsa ya fi ba ni haushi. A 'yan shekarun nan ƙaramar sallah tana faɗowa ne a Maris ko Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da zafi a Kano da Sakkwato da Maraɗi ke haura digiri 40. Me zai sa a fitar da ƙananan yara da tsakar rana? A tafi da hantsi a dawo kafin azahar, ko a bari sai la'asar. A ɗauki ruwa isasshe daga gida, da ɗan abin taɓawa, maimakon a bar yaro ya cika cikinsa da zoɓo da askirim ɗin da ba a san da wane ruwa aka haɗa su ba, gobe a kwana ana gudawa.

Sai kaya. Kwalliyar sallah daban, kayan wasa daban. Dogon gyale mai jan ƙasa da takalmi mai tsini ba su da wuri kusa da injin da ke juyawa. A rubuta lambar waya a takarda a sa wa kowane yaro a aljihu, a koya masa cikakken sunan mahaifinsa da sunan unguwarsu. A ɗauke su hoto kafin a fita, don in an shiga nema a san kayan da ke jikinsu. Da an shiga, a nuna musu wuri ɗaya a ce duk wanda ya ɓace ya tsaya a nan, kada ya bi kowa. Babba ɗaya kada ya wuce yara biyu ko uku. A kuma faɗa musu tun daga gida abu nawa kowa zai hau, don kada a je ana birgima a ƙasa.

Akwai kuma iyayen da suke zuwa, amma hankalinsu na kan waya. Ka ga yarinya a kan dokin wasa ta ƙanƙame ƙarfe, jikinta na rawa, hawaye ya wanke kwallin idonta, tana kiran "Mama, a sauke ni," uwar kuwa tana dariya tana ɗaukar bidiyon da za ta ɗora a TikTok. Wannan zalunci ne. Yaron da ya ce yana tsoro, a ƙyale shi. Don shi aka fito, ba don 'yan kallo ba.

Masu wuraren ma ban bar su ba. Lilo mai tsatsa, kujerar mutum biyu a cusa huɗu, wayar janareta a shimfiɗe inda yara ke gudu ba takalmi, babu akwatin magani, babu lasifikar cigiya, banɗaki kuwa ba a magana. Kuna karɓar kuɗin mutane, ku gyara. Hukumomin jihohi su riƙa duba waɗannan injuna kafin kowace sallah, wanda bai cika sharaɗi ba a garƙame shi, kada a jira sai an yi jana'iza a kafa kwamiti.

Amma kafin hukuma, kai ne uba. Idan za ka iya raka su, ka tashi ka raka su, ka riƙe hannunsu har ku dawo. Idan ba za ka iya ba, ka nemi kawu ko gwaggo mai hankali. Idan babu, su zauna a gida sai ranar da ka samu sarari. Kukan da za su yi yau mai sauƙi ne a kan wanda za ka yi in ɗaya bai dawo ba.