Wayar Taka Ce, Amma Sirrinka Yana Hannun Wa?



Ɗauki wayarka ka duba abin da ke cikinta. WhatsApp da Facebook da Instagram duk na kamfani ɗaya ne, Meta, na ƙasar Amurka. TikTok na ByteDance ne, kamfanin da aka kafa a ƙasar Sin. Babu ɗaya da yake na ɗan Gana. Amma da su kake tambayar farashin albasa kafin motar Nijar ta iso, da su hajiya take aika hoton atamfa ga mai saye a Kumasi, da su ake sanar da suna da biki da rasuwa. Tun da aka rufe iyakokin ƙasa a watan Maris na 2020, ba a kuma buɗe su ba sai Maris na 2022, rabin kasuwarmu ta koma cikin waya. Ba mu zo mu ce ka jefar da ita ba. Mun zo mu tambaye ka ko ka san abin da kake biya.

Ba sa karɓar kuɗi a hannunka, domin abin da suke karɓa ya fi kuɗi. Ranar da ka saka manhaja ta ce ka ba ta izini, kai kuma ka danna saboda kana sauri, ka buɗe mata lambobin mutanen da ke wayarka, hotunanka, da inda kake tsaye. Gaskiya ne saƙon WhatsApp a kulle yake tafiya, kamfanin ba ya karanta abin da ka rubuta. Amma ya san lambarka, irin wayarka, lokacin da ka hau da lokacin da ka sauka, da rukunonin da kake ciki. Ga mutumin Accra wannan ƙaramin abu ne. Ga kai da kake kwana a Gana ka yi azahar a Cinkasse ko Po, taswirar rayuwarka ce: sau nawa kake tsallakawa, wa kake kira a can, wace rana kake ɗauke da kuɗin kaya. Wanda ya riƙe wannan bayani ya san ka fiye da maƙwabcinka.

To, wa ke iya kaiwa gare shi? A shekarar 2017 Sin ta yi dokar da ta wajabta wa kamfanoninta taimaka wa hukumomin leƙen asiri idan an nema. A 2018 Amurka ta yi tata dokar da ta ba hukumominta damar neman bayanai daga kamfanoninta ko da an ajiye su a wata ƙasa. A Disamba 2022 ByteDance da bakinsa ya amsa cewa wasu ma'aikatansa sun leƙa bayanan 'yan jarida a TikTok. Kafin nan an ji yadda Cambridge Analytica ya kwashi bayanan mutum har miliyan 87 daga Facebook, kuma kamfanin ya taɓa sa hannu a harkar zaɓe a Kenya da Najeriya. Kada wani ya ce maka matsalar ta Sin ce kaɗai, ko ta Amurka ce kaɗai.

Mu ma ba a bar mu a baya ba. A Maris 2020 Facebook ya rufe wasu shafukan bogi da ake gudanarwa daga Gana da Najeriya a madadin wasu mutane a Rasha. 'Ya'yanmu ne aka ɗauka aiki a kusa da Accra, suna rubutu kamar su Amurkawa ne, don a hura wutar gaba a can. Wanda ya iya hayar matasanmu don ya rikita wata ƙasa, me zai hana shi hayarsu don ya rikita tamu ana gab da zaɓe?

Mutanen Bawku ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani a kan wannan. Tun da rikici ya sake tashi a ƙarshen 2021, kowa ya ga yadda saƙon murya ɗaya ko tsohon bidiyo na wani gari ke zagaye rukunoni kafin a idar da sallar isha'i, gobe kuma kasuwa ta ƙi ci. Bayan iyaka kuwa masu ɗauke da makamai sun addabi Burkina Faso, kuma su ma da waya suke yaɗa wa'azinsu da barazanarsu. Tambayarmu ita ce: mutum nawa waɗannan kamfanoni suka ajiye da ke jin Kusasanci, ko yaren Mamprusi, ko Bisa, ko irin Hausar da muke yi a zango, da zai gane cewa wannan saƙo kira ne zuwa zubar da jini? Wane minista ne ya taɓa tsayawa ya faɗa mana adadin? An yi ta murna a 2021 da Twitter ya ce zai buɗe ofishinsa na Afirka a Accra. A Nuwamba 2022 aka sallami kusan dukan ma'aikatan. Abin da muka samu ke nan.

Sai kuma masu ba da bashi ta waya, waɗanda suka fi kowa nuna mana amfanin lambobin da muke miƙawa. Ka ci bashin sidi ɗari biyu, ka makara kwana uku, sai a aika wa surukinka da limamin unguwarku saƙo da hotonka cewa kai ɓarawo ne. A Yuni 2023 Babban Bankin Gana ya fitar da sunayen irin waɗannan manhajoji 97 da ba su da lasisi, wata ɗaya bayan haka aka kama mutum fiye da 400 a Accra. Madalla da kamen. Amma kafin a kama su shekara nawa suka yi suna cin mutuncin mutane, kuma ina bayanan da suka kwasa suke yanzu?

Ga abin da ya fi ba mu haushi. Doka muna da ita. Sashe na 18 na kundin tsarin mulkin 1992 ya kare sirrin gidanka da wasiƙunka da maganarka. Tun 2012 akwai Dokar Kare Bayanai, mai lamba 843, wadda ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma ba ka haƙƙin tambayar duk mai riƙe da bayananka abin da ya riƙe. A 2020 an ƙara dokar tsaron intanet. Takarda dai ba ta yi ƙaranci ba. Amma a Mayu 2023 hukumar Ailan ta ci Meta tarar yuro biliyan 1.2 saboda kwashe bayanan Turawa zuwa Amurka. A Yuli 2024 Najeriya, maƙwabciyarmu a yankin nan, ta ci shi tarar dala miliyan 220. Ka taɓa jin an kira ɗaya daga cikin manyan nan gaban wata hukuma a Accra?

Gwamnatin da ba ta iya ɗaga murya ga baƙo ba, a kanka ta nuna ƙarfinta. A Maris 2020, da sunan yaƙi da korona, shugaban ƙasa ya sa hannu a umarni mai lamba 63 da ya tilasta wa kamfanonin waya miƙa bayanan masu layi. Sai da wani lauya ya kai ƙara, Babbar Kotu ta yanke hukunci a Yuli 2021 cewa an keta sirrin jama'a, ta ce a goge abin da aka tara. Daga Oktoba 2021 aka sa mu layi a rana don haɗa sim da katin Ghana Card, aka ɗauki yatsunmu da fuskokinmu, wanda bai samu kati ba aka toshe masa layi a ƙarshen Mayu 2023. Kun san su wa suka fi shan wuya wajen samun katin: mai suna Musa ko Fati daga garin iyaka, wanda sai an tambaye shi inda aka haifi kakansa. Bayan duk wannan wahala, mutane suka riƙa gano layukan da ba su sani ba a rajiste da sunansu. Idan ba ka duba naka ba, ka duba yau ɗin nan.

Shi ya sa idan ka ji wani na cewa maganin abin shi ne a rufe TikTok ko Facebook, ka yi hattara. Indiya ta haramta TikTok a 2020, ita tana da kasuwar da za ta iya yin haka. A nahiyarmu kuwa mun ga yadda rufewa take: Uganda ta toshe Facebook ana gab da zaɓen 2021, Najeriya ta dakatar da Twitter wata bakwai bayan an goge saƙon shugabanta, Senegal ta rufe TikTok a Agusta 2023 lokacin da aka tsare jagoran adawa. Kowacce da kalmar tsaro ta fake. Wanda ya yi asara shi ne mai sayar da turare da mai ɗinki da ke samun ciniki ta waya, da talakan da ba shi da gidan rediyon da zai kai kuka.

Matsayinmu a fili yake. A ba Hukumar Kare Bayanai kuɗi da ma'aikata da 'yancin da za ta ci tarar babba, ba ƙaramin ɗan kasuwa kaɗai ba, ta kuma buɗe ƙofa a Bolgatanga da Wa yadda mai ƙorafi ba sai ya hau motar dare zuwa Accra ba. Duk kamfanin da ke cin riba da miliyoyin 'yan Gana ya ajiye wakilin da kotunmu za ta iya kira, ya kuma ɗauki masu jin harsunanmu. Jami'in da ke son bayanan wayarka, ko wane ne shi, ya je gaban alƙali tukuna. Kuma kada a kashe intanet ranar zaɓe ko bayanta, ko da na awa ɗaya ne.

Kafin zaɓe 'yan takara za su zo zangonku, za su zauna gaban sarki da limamai, za a kawo shinkafa da atamfa. Idan an ba da damar tambaya, ka miƙe ka tambayi na gwamnati ina aka ajiye yatsun da aka ɗauka wajen rajistar sim, wa ke da mabuɗinsu, kuma wace shaida ce ke nuna an goge bayanan da kotu ta ce a goge. Namu ɗan takarar ma ka yi masa tambayar, ka sa ya amsa a gaban jama'a. Sannan ka fito da sassafe da katin zaɓenka, ka zo da na gidanka, ku dangwala wa canji.